Galon da Abarshi ya ɗinka mini

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ranar da aka ɗinka mini galon kafaran a barikin Madawa ba. Ku na yanzu, in an ƙara muku girma sai ku yanka rago ku kira makaɗa. Ni ranar nan ko tuwo ban ci ba.

Lokacin yaƙin Turawa na biyu ne, ina gardi. Ga wanda bai sani ba, gardi shi ne hannun kumandan, Baturen da ke mulkin yankin: jar hula, bulala da igiya. Mu ke tsaron gidan kaso, mu ke kamo mutane aikin dole. Gaba da gardi sai kafaran, mai galo a hannun riga, gaba da shi sai sarjan. Kafaran doki yake hawa, kuma sarjan ba ya marinsa a gaban jama'a. Al'adar bariki ce, gardin da ya fi kowa daɗewa shi ke ɗinka wa sabon kafaran galonsa.

A wurinmu Abarshi ne mai wannan allura. Mutumin wani ƙauye ne a gefen Galma, ni kuwa daga Tasawa aka kawo ni. Shi ya koya mini ɗaurin ɗamara, shi ya koya wa sarjan ɗinmu ma. Kowace shekara a ce bana galo nasa ne, har furfura ta cika masa kai. Abin yana cinsa, ba ya dai faɗi.

Ana nan sai kafaran ɗinmu ya rasu. Aka turo wani Anasara daga Yamai ya binciki yadda ake ƙarin girma a barikoki. Wannan Baturen bai yarda da zaman biro ba, wato ofis, ya ce sai ya ga aikin mutum da idonsa. Kumandan ya ware ni da Abarshi, ya ce mu je da baƙon mu kamo waɗanda za su yi aikin fasa dutse a hanyar Buza. Ba a saba tura gardi garinsu ba, amma da gangan aka zaɓi ƙauyen su Abarshi.

Abarshi ya je ya sami sarjan ya ce, "Sarjan, a kai ni ko'ina, ban da gidanmu."

Sarjan ya ce, "Kowa yac ci ladan kuturu, shi yi mai aski. Anasara na son shi gani ko kakinka ya hi danginka ƙarhi."

Muka isa da hantsi, bayan an gama girbi. Samari duk sun tsallake iyaka sun tsere ƙasar da Ingilishi ke mulki, sai maigari ya jero mana abin da ya rage. Cikinsu har da Nomau, kawun Abarshi, wanda ya riƙe shi tun rasuwar uwarsa. Tsoho ne, ga tari. Na ce a raina Abarshi zai miƙo mini igiyar, ni in ɗaure wannan. Bai miƙo ba, don Anasara na kan doki yana kallo. Sai ya tuɓe takalmi, ya cire jar hula, ya durƙusa.

"Kawu, kun tashi lahiya?"

Nomau ya ce, "Lahiya lau, ɗan ƙanwata. Tashi ka yi aikin da anka sa ka. Kak ka ja da ƙarhi dai, wuyan ya tsuhwa."

Ya tashi ya ɗaure shi. Mata na tsaye bayan danga, ba wadda ta yi kuka. A hanya na ji Anasara yana tambayar tafinta mene ne durƙuson nan. Tafinta ya ce gaisuwa ce, haka ake yi wa babba. Ni dai na ce galo ya zama na Abarshi, don ya biya abin da ba wanda zai iya biya.

Nomau bai kai bazara ba. A wurin fasa dutse ya faɗi, aka binne shi a bakin hanya. Daga ƙauye aka aiko wa Abarshi cewa kada ya zo gaisuwa.

Ba da daɗewa ba aka tara mu a filin bariki. Kumandan na magana, tafinta na juyawa. Ya ce baƙon Yamai ya gama bincikensa, kuma ya ga gardin da zai cire hular gwamnati ya durƙusa wa wanda ya je kamawa bai isa a ba shi mutane ba. Sai aka kira sunana. Wallahi ban yi wata bajinta a tafiyar nan ba. Baƙo ne ni kawai, ba ni da wanda zan durƙusa wa.

Abarshi ya fito da allurarsa kamar kullum. Na ce, "Baba Abarshi, Allah na gani, ban nema ba."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Da na ƙi ɗaure shi, da ina da kawu. Da na ƙi gaishe shi, da ina da galo. Miƙo hannunka."

Ya ɗinka tsaf, ya ciji zaren, ya ja baya ya sara mini. A gardi ya ajiye aiki, a Madawa ya mutu, bai sake taka ƙauyensu ba. Mu 'yan bariki muka yi masa sutura.

Na daɗe a aikin gwamnati, na ga masu bincike iri-iri, har ni ma an sa ni duba na ƙasa da ni. Abin da na koya shi ne, wanda bai san mutanen wuri ba, ladabi ma laifi zai gan shi. Don haka in an ƙara muku girma ku gode wa Allah, amma ku waiwaya ku ga wanda aka tsallake. Rigar nan tana nan cikin adakata, yadin ya mutu, ɗinkin Abarshi kuwa ko zare ɗaya bai saki ba.