Zoben Auna Albasa

Autanmu tun yana sakandare ya rantse shi ba zai tsufa yana warin albasa ba. A tsakar gidanmu na Aliero ya faɗi haka, yana zaune a kan tabarmar da albasa ta saya, da littafin da albasa ta saya a hannunsa. Ni ce babbar yayarsa, na goya shi, na share masa majina, don haka ban taɓa jin nauyin yi masa dariya ba. Ranar ma na yi.

Da ya shiga jami'a yana karatun sarrafa abinci, abin sai ya ƙaru. Ya zo hutu ya buɗe mana waya yana nuna mana ayyukan da yake mafarki. Ga wani ƙato a ƙasar Turawa, wai aikinsa ya ɗanɗana cakulan ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Ga wata tana yawo daga otal zuwa otal tana cin abincin mutane tana ba su maki kamar 'yan firamare. Na ce masa in dai wannan ne aiki, to akuyar Inna ta daɗe da cancantar albashi. Amma wanda ya fi tafiya da ransa shi ne mai farar riga, wanda ke tsayawa a kamfani da safar hannu da takunkumi a hanci, yana duba ingancin kaya. Ya ce shi ke nan burinsa a duniya. Wato ya taɓa abinci ba tare da abinci ya taɓa shi ba.

Albasar Baba ba ta da girma. Ja ce, mai tauri, in ka matsa ta da babban yatsa yatsan ne zai gaji. Wuyanta siriri ne, yana bushewa ya rufe ruf, ruwa ba ya samun hanyar shiga. Shi ya sa in an jera ta a rudu, wato shimfiɗar kara da ake ɗagawa daga ƙasa a lulluɓe da ciyawa, takan kai tsakiyar damina lafiya lau, lokacin da ta wasu ta daɗe da zama kunu. Irin nan daga hannun kakanmu ya fito. Kowace shekara Baba yakan zauna ya zaɓi uwaye da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye su daban. Da kaka ya mayar da su ƙasa, su yi tsiri su fitar da farin fure. In kan ya bushe a yanko, ni da Inna mu murje a tabarma mu sheƙe da faifai, baƙaƙen ƙwayoyin a zuba a gora a toshe da tsumma. Irin albasa ba ya jiran kowa. Gero kana iya mantawa da shi a rumbu, amma wannan in ya shekara biyu a gora ya fara mutuwa. Dole duk shekara a sabunta shi.

Bayan auta ya gama bautar ƙasa, wani kamfani ya buɗe wurin sayen albasa a bakin hanyar Jega. Suna busar da ita ne su niƙa ta gari su ɗura a 'yan ledoji. Suka ɗauke shi aiki, kuma aikin farar rigar nan da yake mafarki. Mata suka cika gidanmu da barka, Inna ta dafa shinkafa, Baba ya yi ta amsa addu'a yana murmushi har kunne. Ni a Jega nake aure, a nan nake koyarwa, don haka wata rana da aka tashi makaranta na ce bari in biya in ga wannan babban aiki da idona.

Na same shi a ƙarƙashin rumfar kwano. Riga fara tas, hula irin ta masu tiyata, safa a hannu, hanci a rufe. A hannunsa na dama akwai wani zoben ƙarfe mai mariƙi, kamar matacin koko da aka cire wa raga. In an kwance buhu sai ya ɗebi albasa ya ɗora a kan zoben. Wadda ta zauna ta ci jarrabawa. Wadda ta zurara ta faɗa cikin daro ta faɗi. In masu faɗawa suka yi yawa, a ɗaure buhun a mayar wa mai shi. Aikin ke nan gaba ɗaya. Ba ya shinshinawa, ba ya matsa wuya, ba ya ɓare ɓawo ya ga ko ta sha ruwa. Shekarun jami'a da bautar ƙasa, ga abin da suka haifa. Na tambaye shi dalili, ya ce injin ɓare ɓawonsu ba ya kama ƙanana. Na ce to abin da za a niƙa ya zama gari, ina ruwan garin da girman uwarsa? Ya ce in tafi gida, ina hana shi aiki.

Da aka cire albasa a shekarar, Baba ya ce zai kai tasa wurin ɗansa. Ba don ya rasa masu saye ba. Fatake daga kudu har gida suke biyo shi. So yake ya tsaya a layi, mutane su ga wanda ke sanye da farar rigar nan nasa ne. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau gaban a-kori-kura, ya aiko mini in same shi a can.

Layin cike yake da manoman da suka san shi tun suna samari, wasu ma a wurinsa suka koyi dashe. Manajan wurin yana zaune gefe a kujerar roba yana kallo. Da aka zo kan Baba aka kwance buhun farko, auta ya ɗauki ɗaya ya ɗora. Ta zurara, ta bugi daro. Ya ɗauki ta biyu, ita ma haka. Har yau ina jin ƙarar daron nan. Wurin ya yi tsit, ban da albasar Baba da ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Auta ya saci kallon manaja, sannan ya dubi ƙasa, ya ce ta cikin takunkumi:

"Alhaji, ba ta kai ba. A ɗaure."

Alhaji. Mutumin da ya yanka masa ragon suna.

Ban san lokacin da na kutsa gaba ba. Na ce, "Kai, wa kaka ce ma Alhaji? Cire wanga tsumma ga hancinka ka dubi ubanka!"

Baba ya ɗaga mini hannu. "Ke, ya isa. Aikinai na. Abin da anka ba shi na shika yi." Ya juya ya taya masu lodi ɗaure buhun da hannunsa, ya gaisa da manaja, ya hau mota. Mutanen layin duk suka sami abin kallo a ƙasa.

Daga ranar na sa auta a gaba. Na raɗa masa Mai Zobe, sunan kuwa ya bi shi har wurin abokansa. A biki, a suna, a gaisuwar Sallah, in dai an taru sai na kwaikwayi yadda yake ɗora albasa yana satar kallon manaja, mata su yi ta dariya har da hawaye. Ya daina zuwa gida in ya ji ina nan. Daga baya ya rage zuwa ko ba na nan. Ni a lokacin gani nake haƙƙin Baba nake ƙwatowa. Ban lura ba cewa duk sanda na fara, Baba yakan tashi ya fita zaure.

Da kaka ta zo na je gida na tarar da fili a inda ake dasa uwaye. A ɗakin Baba kuma ga gwangwanayen iri masu hoton albasa ƙatuwa a jiki, irin da kamfanin ke rabawa. Na ce, "Baba, ina uwayen bana?"

Ya ce, "Na saishe su."

"Dut?"

"Dut. Ɗiyata, yaron ga ba shi iya ɗaga kai in ya hange ni. Ba shi zuwa gida. In na kai mishi wadda za ta zauna bisa zoben, kowa ya huta. Iri na nan cikin gora, ba inda za shi."

Na san ya san ƙarya yake yi wa kansa. Shi ne ya koya mini cewa irin albasa ba ya jira.

Ta gwangwani ta yi kyau a ido, ba zan ɓoye ba. An ɗura mata takin zamani da ruwa, ta kumbura kamar ƙaramar ƙwarya. Ta zauna a kan zobe daram. Auta ya cire takunkumi ya yi murmushi, har ya sa aka ɗauke su hoto da Baba, ya ce zai nuna wa manyansa yadda manoma ke karɓar ci gaba. Sauran da Baba ya jera a rudu kuwa, ruwan farko na sauka ta fara zubar da ruwa ta wuya. Kafin damina ta yi nisa da shebur aka kwashe ta, ƙudaje sun yi baƙi a kai, maƙwabta suna toshe hanci. Gidan da a da ake zuwa neman albasa lokacin da ta ɓace a kasuwa, Inna ta koma aika a sayo mata ta miya. Shekara ta biyu Baba ya sake shuka ta gwangwani, bai ma gyara rudun ba.

Sai aka yi wa auta ƙarin girma. Aka mayar da shi babban ofishinsu a birni, ɗaki mai sanyi, inda ko ƙanshin albasa ba ya kaiwa. Burinsa ya cika sarai. Aka miƙa zoben ga wani ɗan mutane da bai san Baba ba, Baba bai san shi ba. A makon nan Baba ya ce wa Inna ta ɗauko goran.

Ni dai ban yarda da abin da ke cikin goran ba, don ya haura shekara biyu a ɗaki mai zafi. Na hau mota zuwa Liba wurin wani tsohon aminin Baba da ya taɓa karɓar irin a hannunsa. Tsohon ya ce ya daɗe da gauraya da na maƙwabta, ya nuna mini albasar, na ga ba ita ba ce. Na je Gehuru wurin wani ɗan'uwan Inna, shi kuma ya nuna mini gwangwani yana alfahari. Na dawo hannu wofi.

Baba ya gyara kwamin reno a bayan gida, wato ɗan fangalin da ake fara yayyafa iri kafin dashe, ya zuba takin shanu da ya ruɓe, ya barbaɗa irin goran gaba ɗaya, ya lulluɓe da ciyawa. Safe da yamma yana ba shi ruwa da kansa, bai yarda kowa ya taɓa ba. Mako guda ya wuce. Na maƙwabta da aka shuka rana ɗaya ya fito kore shar. Na Baba ƙasa ce kawai a jiƙe. Aka shiga mako na biyu, aka shiga na uku, yana nan yana ɗaukar ruwa.

A cikin mako na ukun ne auta ya zo da mota, ya yi ƙiba, ya kawo wa Inna tsarabar garin albasar kamfaninsu. Ta yage leda ɗaya ta shinshina ta ce, "Wagga albasar wa ta?" Ya yi dariya ya ce ta kowa da kowa ce. Sannan ya zagaya baya ya sami Baba a tsugune, ni ina tsaye da bokiti. Ya dubi kwamin ya ce, "Baba, mi kaka wahala da wanga tsohon iri? Ka hwaɗa min, in aiko ma da sabo."

Na buɗe baki. Abin da ke kan harshena a ranar, da a ce ya fita, da har yau ba ma gaisawa. Amma na dubi Baba na rufe. Raina autan nake yi, kuma ban daina ba, sai dai a wurin na gane bakina ma yana cikin abin da ya kashe irin nan, kuma ba wanda ya biya ni albashi a kai.

Baba ya sunkuya kan kwamin. Ya sa yatsa ya tona gefen kwamin a hankali. Ƙwayoyin suna nan baƙaƙe kamar ranar da ya zuba su, ko ɗaya bai tsage ba. Ya daɗe yana kallonsu a tafin hannunsa, sannan ya mayar da su ramin, ya rufe da ƙasa, ya daddanna. Ya ɗago ya dubi auta, ya ce:

"Ka ci abinci kuwa? Tai ciki, innarka ta dahwa ma wani abu."

Ni kuma ya ce in zuba ruwan bokitin a gindin dalbejiya.