Uwar da Ba Ta Kira Sunana Ba

Da furfura a kaina na koyi karatu, da ita kuma na shiga bin Almasihu, don haka ba ni da ilimin da zan yi wa kowa tinƙaho da shi. Abin da Allah ya ba ni baki ne. A 'yar majami'armu ta zana, ranar da mata ke taruwa da hantsi, ni ake ba wa dama in ɗan yi magana kafin addu'a. Ba na tsawaitawa. In karanta layi biyu daga Littafi ina bin su da yatsa, sa'an nan in ɗauko wani abu daga tsakar gida in jingina da su, ko shiƙar gero da yadda iska ke kwashe ƙaiƙayi, ko kazar da ke rufe 'ya'yanta in shirwa ta gifta. Malamin majami'armu yaro ne mai kirki, amma in ya fara misali da abin da ya karanto a makaranta sai ka ga mata suna gyangyaɗi. Ni kuwa in na fara, ko mai goyo ba ta motsi. Na san haka, kuma ina jin daɗinsa fiye da yadda ya kamata.

Akwai darasi guda da ya fi sauran shiga. In buɗe wurin da annabi ke tambaya ko mace za ta iya mance da ɗan da take shayarwa, Allah ya ce ko ita ta mance, shi ba zai mance ba. In rufe Littafin, in ce musu ni 'yar fari ce, kuma tun da aka haife ni har uwata ta koma, ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. In yi shiru kaɗan. Sa'an nan in ce amma Makiyayi na gari ya san tumakinsa, kowace da sunanta yake kiranta. A nan ne ake fara share ido da bakin zane. Ban yi ƙarya ba, kowace kalma gaskiya ce. Sai dai na san inda nake yanke labarin, kuma da gangan nake yankewa a wurin.

Cikin matan akwai wata yarinya da aka auro daga Gabi. Mijinta namu ne, danginta kuwa suna can kan al'adar kakanni. Ita ma 'yar fari ce. Wata rana da bazara, bayan an tashi, ta biyo ni tana ɗauke mini da tabarma, fuskarta fes kamar wadda ta zo da albishir.

"Inna," ta ce, "tun ranar da kinka yi maganar nan ta suna, kahin kaka, zuciyata ta huta. An aiko daga Gabi tun kaka, wai tsohuwata ba ta lahiya. Jiya ma an sake aikowa. Ni ko na ce ba ni zuwa. Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba, mi za ni yi mata? Ai ina da Uba wanda ya san sunana."

Na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi. Na karɓi tabarmata, na shige gida. Wunin nan ko fura ban iya sha ba, don abin da na yanke daga labarin ya zo ya zauna mini a ƙirji.

A Madarunfa aka haife ni, tun Nasara ba su iso ƙasar nan ba. Gidanmu na Anna ne, ba ma salla, a gindin wata tsamiya ake yanka wa iskokin gida jan zakara in za a fara shuka. Maƙwabtanmu masu salla ne, kuma a kan maganar ɗan fari duk ɗaya muke da su: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kuma macen da ta rasa ta, an dinga yi da ita ke nan a bakin rijiya. Da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata, uwar ubana, a ɗakinta na tashi, ita nake ce wa Inna. Uwata tana can ɗaya gefen gidan. In tana son a kira ni sai ta ce wa wani, "Ina 'yar tsohuwa?" In muka haɗu a ƙofa ta dubi bango. Na san al'ada ce, kowa ya sani, amma sanin bai hana ni jin haushi ba in na ga ta ɗora ƙanena a cinya tana yi masa kirari.

Shekarar da abin ya faru ban fi tara ko goma ba. Gonar dawarmu tana cikin fadama, a wani tudu da gulbi ya raba hannu biyu ya kewaye. Yawancin shekara gulbin yashi ne, da ƙafa muke ratsawa, ko da damina sau da yawa bai wuce idon sawu ba. Dawa ta fara ido, tsuntsaye sun taso mata, sai aka tura mu yara tsaro. Kowa da tsohuwar ƙwarya da ɗan kara, muna bugawa muna ihu. Ni uwar son a yaba, na kutsa can ƙuryar gonar inda dawa ta fi tsawo, don a ce gefena ne tsuntsu bai taɓa ba.

Rana tana tsaka, ko gajimare babu. Amma gulbinmu ba ya jiran hadarinmu. In an yi ruwa mai ƙarfi can wajen Katsina, sai dai kawai a ji shi tafe. Wani mai kiwo ne ya hango shi daga tudu, ya sheƙo gari yana kuwwa. Mata suka zubar da taɓare suka yi bakin gulbi, kowace tana ƙwala wa nata kira. Yaran da suka ji sunansu suka ratso da gudu tun ruwan yana gwiwa. Ni ina can ina dukan ƙwarya. Na ji hayaniya daga nesa, na ji sunayen ƙawayena, ban ji nawa ba, sai na ɗauka abinci aka kawo musu.

Sauran labarin daga bakin maƙwabciyarmu na ji shi, wadda ta tsaya kusa da uwata a ranar. Kakata, wadda ita ce mai kiran sunana, tana gida da ciwon gwiwa. Ubana ya tafi gayya Safo. A bakin gulbin kuwa ga wan ubana tsaye, babban gidanmu, mutumin da uwata ko tari ba ta yi a gabansa. Shi yana ta ƙirga awakin gida, bai lura babu ni ba. Uwata ta ja zanen maƙwabciyar ta ce, "Ta gidanmu tana can." Ita kuwa nata biyu ba su fito ba tukuna, hankalinta ba ya jikinta. Uwata ta buɗe baki, ta ce, "Ke! Ke!" To, wa ce ce ke a cikin wannan ihu? Maƙwabciyar ta ce ta ga uwata ta dubi wan mijinta, ta sake duban gonar. Kalma ɗaya ce, da ta faɗe ta da na fito da ƙafata. Ba ta iya ba. Sai ta kwance ƙanena daga bayanta, ta danƙa wa wata tsohuwa, ta ɗaure zane tamau ta faɗa ruwa.

Ni dai na ga dawa tana rabewa, sai ga ta a kaina, jiƙe sharkaf, tana haki. Ta fizge ƙwaryar ta jefar, ta sunkuya ta ɗora ni a wuya. Ban taɓa hawa jikinta ba tun da na yi wayo, har na rasa inda zan sa hannuna, sai na riƙe kitsonta. Da muka iso bakin ruwan na ga abin da ban taɓa gani ba: inda muka ratso da safe ya zama jan ruwa mai kumfa, yana tafe da kara da itace da mushen akuya. Ta shiga. Ya kai mata ƙugu, ya kai ƙirji. A tsakiya wani reshen ƙaya da ruwa ya tumɓuko ya bugi cinyarta, na ji jikinta duka ya girgiza, ta nutse har haɓa, ta taso. Hannunta guda yana riƙe da ƙafata, riƙon da ya bar mini shaida kwana da kwanaki. Maza suka miƙo gora suka jawo mu.

Da muka hau tudu ta sauke ni a gaban wan ubana kamar ta sauke tulu. Ba ta dube ni ba. Ta karɓi goyonta, ta ce wa maƙwabciyar, "Ku ce ma tsohuwa ga kayanta nan." Ta juya ta nufi gida tana jan ƙafa, jini yana bin ta a yashi.

Ciwon nan bai warke da daɗi ba. Ƙaya ta karye a ciki, ya ruɓe, wanzami ya tsaga, aka yi ta ɗaura ganye har aka gama girbi. Ta tashi, amma ƙafar ta shanye. Macen da ke ɗaukar dami biyu daga fadama, ta koma 'yar gonarta ma sai an noma mata. Kasuwa ta gagare ta. Da ɗingishin nan ta rayu, da shi aka binne ta, ina da ciki na biyu a lokacin. Ba ta taɓa tada maganar ba, ni ma ban taɓa yi mata godiya ba, don babu hanyar da 'yar fari za ta bi ta yi. Abin da na iya shi ne in ɗebo ruwa in cika randarta in ba ta nan.

Kuma kada a ce ban san abin daga ciki ba. Ni ma na haifi ɗan fari, na miƙa shi, na dubi bango. Na san yadda sunan ke cika wa uwa baki ta haɗiye shi, na san yadda ake kasa kunne daga wani ɗaki a ji ko ya yi tari. Tsofaffin matan da ke zaune gabana a majami'a duk sun yi haka. Suna ji ina kiran abin mantuwa, ba wadda ta tanka, wataƙila kowace ta koma gida tana tuhumar kanta. Na ɗauki matar da ta ba da ƙafarta saboda ni na mai da ita misalin uwar da ke mancewa, don kawai darasina ya yi zaƙi. Allah ba ya bukatar a rage wa wata baiwarsa daraja kafin a ga girmansa. Ni ce mai bukatar a share hawaye a ce tsohuwar nan ta iya magana. Ina jin kunyar wannan har yau, kuma kunyar ba irin ta uwata ba ce.

Washegari da hantsi na ɗauki sandata na tafi gidan yarinyar. Na same ta tana surfe. Na ce, "Ɗiyata, aje taɓaryar nan, labarin uwata da na ba ku, ban gama shi ba." Na zauna a kan wani turmi da ke kife na faɗa mata duka, tun daga ƙwaryar tsaro har jinin da ke bin yashi. Da na gama sai ta shiga ɗaki ta fara ƙulla kaya. Mijinta ya aro jaki, suka kama hanyar Gabi tun rana ba ta yi zafi ba.

Sai bayan an share makoki ta dawo. Ta zo gaishe ni da la'asar, ta zauna a bakin tabarma, ta rame. Na yi mata gaisuwar rashi, na tambaye ta ko ta same ta da rai.

"Na iske ta," ta ce. "Amma baki ya riga ya rufe. Da na shiga ta juya fuska ga bango, kamar kullum. Na zamna kusa da ita. Can sai na ji hannu ya kama bakin zanena. Ba ta sake shi ba, Inna, har rana ta hwaɗi. Da ta cika, sai da anka ɓamɓare yatsunta."

Na ce Allah ya ba ta haƙuri. Ta amsa. Ta ci gaba da magana tana murza bakin tabarma, ba fushi a muryarta ko kaɗan, da ma da fushin ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Ƙannena sun ce lokacin kaka tsohuwata tana zamnawa, tana ci, tana hira. Kullum in ta ji jaki a ƙohwar gida sai ta ce a duba ko baƙi ne. Inna, da kin ba mu labarin duka tun ranar, ai da tun lokacin kaka na tahi."