Kwamfutar kawu da ta yi damina biyu a adaka

"Tsaya! Malam, don Allah ɗage hannunka!"

Haka na daka wa mai gyara tsawa, waya manne a kunnena, har wata mata da ta zo karɓar cajin waya ta zabura. Yatsansa na kan maɓalli, filash ɗinsa a soke a gefen kwamfutar. Dannawa ɗaya ta rage ya goge duk abin da ke cikinta.

Wasu shekaru ke nan da faruwar abin, a wani ɗan shagon gyaran waya da kwamfuta a Kazaure. Bari in faɗa muku abin da ya kai mu can.

Kwamfutar ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata, malamin makaranta a Roni, Allah ya jiƙansa. Da ya rasu, babban wansu ya ce ko allura kar wanda ya taɓa a kayansa sai an yi rabon gado. Aka naɗe kwamfutar a zane, aka sa ta a adaka, aka datse da kwaɗo. To ɗaya daga cikin magadan ya bi shanu kudu, kuma an ce sai kowa ya hallara. Haka aka yi ta jiran sa har damina biyu. Da aka zo rabo, kwamfutar ta faɗa hannun babbar 'yar kawu, taubashiyata, wadda ta samu gurbin karatu a jami'a kuma washegari za ta kama hanya.

Aka jona caja, aka danna, fitila ta kawo, fanka ta yi ɗan kuka. Sai baƙar fuska da layin Turanci guda ɗaya. Shi ke nan.

Ni kuma na zo daga Kano tare da mahaifiyata. Kun san halinmu in mun je gida, takalmi fes, waya biyu a hannu, kowa a zatonsa ba abin da ba ka sani ba. Alhali iyakar ilimina shi ne in share wa tsofaffi hotuna idan wayarsu ta cika. Amma da aka ce a ba ɗan birni ya duba, ban musa ba. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Na hura mata iska ta ƙasa. Na ɗan bubbuga ta kamar rediyo. Har kunne na kara a jikinta ina girgiza kai, wai ni likita.

Taubashiyata na tsaye a kaina. Ta ce, "Bawana, in ka gama duba ta sai ka rubuta mata magani."

Na ce, "Ke dai ki yi shiru, aikin manya ake yi."

"Na ga alama. Tashi mu tafi Kazaure kafin ka ƙarasa ta."

Muka hau babura biyu, ta rungume kwamfutar kamar jaririya. Mai gyara mutum ne mai sanyin hali, ya kunna ya kalli rubutun, ya ce ba ta ganin windo. Ko dai windon ya lalace, ko kuma rumbun da take ajiya ne ya mutu gaba ɗaya. Hanyar da zai gane ɗaya ce, ya yi mata fomatin ya zuba sabo. In ta karɓa, to, in ba ta karɓa ba sai a sayi wani rumbun. Ya kuma faɗa mana gaskiya, duk abin da ke ciki zai tafi.

Taubashiyata ta ce ai ba komai a ciki sai tambayoyin jarrabawa da sunayen ɗalibai. Ni ma na ce a goge kawai, muna sauri.

Yana cikin shirya filash ɗin mahaifiyata ta kira, wai in taho mata da man zafi. Na ce to, yanzu za a wanke kwamfutar tas mu taho.

Ta ce, "A wanke ta kamar yaya?"

"A goge komai, Umma, ta dawo sabuwa."

Sai na ji ta yi salati. Ta ce, "Kai, muryar Inna na ciki. Duk Asabar kawunka garin Gwiwa yake tafiya wajenta da abin nan, ya ajiye a gabanta kan tabarma, tana ba shi labarin asalinmu. Ba ta ko'ina sai a ciki. Kar ka bari a taɓa!"

Inna ita ce kakarmu, ta riga kawu rasuwa da shekara guda. Ko hotonta mai kyau ba mu da shi, balle murya. A nan ne na yi ihun da na fara ba ku labari da shi.

Mai gyara ya ɗage hannu, ya zare filash. Ya ce, "Alhamdu lillahi da ban danna ba. Amma fa ranka ya daɗe, ban yi maka alƙawarin kayan na nan ba. In rumbun ya mutu, sun riga sun tafi tun tana cikin adaka."

Na kalli taubashiyata. Duk tsokanar nan ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce a hankali, "In Baba ne yake yi mata tambayoyi, ashe tasa muryar ma tana ciki."

Wallahi ban yi wannan tunanin ba sai da ta faɗa.

Na ce, "Gobe fa za ki tafi, kuma kin ce ana buƙatar kwamfuta."

Ta ce, "In tafi da biro da takarda. Ba mai goge min ita."

Ina da wani aboki a Kano, tare muka yi sakandare, shi aikinsa ke nan tun safe har yamma. Na kira shi ta bidiyo. Sabis a cikin shagon kuwa sai a hankali, dole na riƙa fita bakin titi in ji abin da ya ce, in ruga ciki in yi, in sake fitowa. Masu babur da ke jiran fasinja a inuwa suka samu abin kallo. Ɗaya ya ce, "Alhaji, ko in riƙa kai ka ina dawo da kai ne?"

Abokina ya ce in kunna ta, in yi ta danna F2 ba ƙaƙƙautawa. Sai ga wata shuɗiyar fuska mai rubutu birjik, wadda suke kira bayos, wato inda kwamfuta ke riƙe ƙa'idojin tashinta. Ya ce in karanto masa abin da na gani. Na fara karatu ina in'ina. Da na zo wani layi ya ce in maimaita. Ashe sunan rumbun ne da girmansa. Ya ce, "To tana ganin sa. Bai mutu ba, aƙalla yana numfashi."

Mai gyara ya matso da kujerarsa.

Sai taubashiyata ta nuna saman fuskar da yatsa. Ta ce, "Wannan kwanan watan fa? Shekarar da ta rubuta ai ina firamare. Kuma wai ƙarfe goma sha biyu, alhali ko sha ɗaya ba ta yi ba."

Na ce mata ana maganar rumbu tana maganar agogo. Amma da na fita na faɗa wa abokina, don dai in ba shi dariya, sai ya ce, "Tsaya. Yaushe rabon da a kunna ta?"

"Damina biyu tana adaka."

"A adaka? Me ta yi muku?"

Na ce rabon gado aka jira. Ya yi wa kawu addu'a, sannan ya ce, "Wallahi yarinyar nan ta fi ka kai. Ba ta wayar."

Ban ba ta ba, amma na saurara. Ya ce a cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan batiri kamar kwabo, aikinsa kawai ya riƙe mata lokaci da ƙa'idojin nan ko tana kashe. In aka bar ta shekaru ba wuta, babban batiri ya zube, ƙaramin ma ya bi shi, sai ta manta komai ta koma yadda ta fito daga kamfani. Hanyar tashi iri biyu ce, tsohon tsari da sabo. Ga alama a tsohon tsari aka zuba wa kawu windo, ita kuma yanzu ta sabon take nema. Kayan na nan a ɗaki, ƙofar da take ƙwanƙwasawa ce ba ita ba.

Ya ce in nemo layin in canza. Na nemo wani layi na canza, na adana, ta sake tashi. Baƙar fuskar nan dai. Na fita na faɗa masa, ya ce in nuna masa da kyamara. Yana gani ya ce, "Malam, wa ya aike ka nan? Wannan na hasken fuska ne."

Taubashiyata ta ce wa mai gyara, "Don Allah karɓi abin nan daga hannun bawana."

Ya karɓa. Shi da ya saba, minti ɗaya bai yi ba ya gano layin. Ya mai da shi tsohon tsari, ya adana. Fuska ta yi baƙi. Sai ga alamar windo ta bayyana, 'yan ɗigogin nan na zagayawa.

Na buɗe baki zan yi kabbara, aka ɗauke wuta.

Kwamfutar ta mutu nan take, don babban batirinta ba ya riƙe ko minti ɗaya. Mai gyara ya tayar da janareta, muka kunna, sai ga layin Turancin nan ya dawo kamar ba a yi komai ba. Taubashiyata ta zauna a benci ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na riga na yanke cewa mun ƙona ta.

Mai gyara ne ya yi dariya. Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Ai wannan ya tabbatar da maganar mutumin Kano. Mantuwa ta sake yi. A samo mata batirin kawai."

Ya kwance murfin ƙasa, ya ɗago wani ɗan farin ƙarfe da bakin sukundireba, ya ɗora min a tafin hannu. Abin da ya tayar mana da hankali tun safe, bai fi murfin kwalba faɗi ba. Ya ce in je wajen mai agogo a bakin kasuwa. Na je, tsohon ya juya shi, ya duba lambar da tabarau, ya zaro irinsa daga cikin gwangwani. Na dawo da gudu.

Aka sa, aka gyara kwanan wata, aka sake zaɓar tsohon tsari. Wannan karon ta tashi lafiya ƙalau. Kawu bai sa mata lambar sirri ba. Hoton 'yan ajinsa ne a fuskar, sun yi layi a gaban allo. A gefe ga tambayoyin jarrabawar da aka ce, ga kuma wata jaka guda da ya rubuta wa suna Inna. Muka buɗe. Sautukan da ke ciki sun fi talatin, kowanne da ranar da aka ɗauka.

Taubashiyata ta danna na farko.

Kukan kaji muka fara ji, da ƙarar turmi daga nesa. Sai muryar tsohuwa, siririya, tana cewa, "Yanzu wannan faranti ne zai riƙe duk abin da na faɗa?" Sai muryar namiji ta ce, "Zai riƙe, Inna." Ta ce, "To ya fi ka, kai da ko aike ba ka riƙewa." Sai kawu ya fashe da dariyarsa, irin wadda yake yi har da tari.

Ban san lokacin da na juya na fuskanci bango ba. Taubashiyata kuwa kuka take tana dariya a haɗe, tana cewa a mayar baya. Mai gyara ya tashi ya ce bari ya duba janareta, alhali lafiyarsa ƙalau.

Kafin mu bar shagon sai da muka kwafe jakar a filash biyu da wayoyina duka. Bayan la'asar muka isa Roni. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mahaifiyata da 'yan'uwanta da matar kawu suka kewaye kwamfutar. Muryar Inna na ta zuba, Hausa na shiga Fillanci na fita, tana lissafa wa ya haifi wa, daga wane mashaya suka taso, wace saniya aka ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Babban wan nasu, wanda ya sa aka kulle adakar, ya zauna a gefe yana share ido da bakin hula. Can ya ce, "Ashe kulle abu ma yana kashe shi." Mahaifiyata ta ce, "Yaya, ai da ba ka kulle ba, da yara sun cika ta da finafinai tuntuni." Aka yi dariya.

Man zafin ma na manta ban sayo ba, kuma ba ta tambaya ba.

Washegari taubashiyata ta tafi makaranta da kwamfutarta, da ita ta yi karatun har ta gama, windon kawu ne a kai ba a taɓa canza shi ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai har yau shi ne yadda na ce "a goge kawai" ba tare da na tambayi kowa me ke ciki ba. Ban san komai a kan na'urar ba, ban san komai a kan abin da kawu ya yi shekaru yana tarawa ba, amma ni ne mai saurin yanke hukunci. Yanzu in wani ya ce min kwamfutarsa ta ƙi tashi za a yi mata fomatin, nakan ce ya dakata. A shiga bayos a ga ko tana ganin rumbu, a duba kwanan wata, a tambayi wanda ya fi sani. Sau da yawa kayan na nan lafiya. In ma dole sai an goge, a fara kwashe su tukuna.

Na kuma fara ɗaukar muryar mahaifiyata in muna hira. Takan ce in daina, wai ba ta shirya ba. Ina dai ɗauka, kuma wuri uku nake ajiyewa.

Ku fa, muryar wa ke kwance a tsohuwar waya ko kwamfuta a gidanku, kuma yaushe rabon da wani ya kunna ta?