Tsibirin da ke Tsakar Gidanmu

Duk lokacin da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tayar da ƙamshinta, tudun nan na tsakar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi nake tunawa. Zan ba ku labarinsa bi da bi, don ba na son magana a hargitse.

Tudun ƙasa ne da bai kai gwiwa ba. Kakanmu, mahaifin Baba, shi ya tara shi da hannunsa. Gidanmu a kwari yake, in aka yi ruwa mai ƙarfi tsakar gida takan cika, tudun kaɗai ke tsira. Kaka yana kiransa tsibiri, kuma ya hana a taka shi. Abin da ke ba mu tsoro shi ne, ko ana sheƙa ruwa, akwai wani wuri a samansa, tsawon mutum, da ba ya jiƙewa. Kaji ma kewaye shi suke yi.

Wata damina ina yarinya, muna zaune a rumfa muna kallon ruwa, na ce, "Kaka, me ke cikin tudun nan?"

Ya ce, "Amarya, wannan tambayar taki ce ta hana ni tarewa da ke."

Na ce, "Ni ma ba na son miji mai haƙori biyu."

Ranar bai yi dariya ba. Ya ce in matso.

A babban yaƙin Turawa aka ɗauke shi soja, shi da ƙaninsa. Aka sa su cikin masu awon ƙasa, jirgin ruwa ya yi ta gabas da su har wani tsibiri da Turawa ke mulka. Su ke jan sarƙar awo, Bature yana zana taswira: inda jirgi zai iya tsayawa, inda ruwan sha yake, dutsen da za a ɗora igwa. Baturen yakan ce wanda ya riƙe tsibirin ya riƙe hanyar jirage.

A nan zazzaɓi ya kashe ƙanin. Kaka da 'yan uwansa Kanawa suka yi masa sutura a gindin dutsen, suka kwantar da shi bisa damarsa, fuskarsa na kallon gabas, yadda ake yi a gida.

Bayan an gama awo, Bature ya shimfiɗa babbar taswira yana nuna hanyar jirage. Kaka ya sa tafinta ya tambaya, ina Makka? Yatsan Bature ya sauka a yamma da tsibirin.

"Ashe mun wuce ta a teku ba mu sani ba," in ji Kaka. "Na juya bayan ɗan uwana ga alƙibla."

Ya roƙi a bar shi ya gyara. Aka ce an riga an kewaye wurin da waya, an kafa igwa, kuma a taswira babu kabari. Ƙasa kawai ya ɗebo ta ƙarƙashin wayar, cikin gwangwanin taba. Ita ce a cikin tudun.

"A gidan nan gabas alƙibla ce," ya ce. "Yadda muka kwantar da shi, a nan daidai ne."

Baba ya taɓa kawo limamin unguwa, ya ce Allah niyya yake dubawa, a baje tudun. Kaka ya saurara cikin ladabi, sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kai ba ka ga ƙeyar ƙanina tana kallon alƙibla ba."

Kafin ya rasu, ni ya ba amanar tudun. Na riƙe ta har bara, da 'yan uwana suka haɗa kai a kan a shafe tsakar gida da siminti saboda sauro. Na yi faɗa, na yi kuka, ban ci nasara ba. Jikana ya nuna mini tsibirin a waya don in huce. Barikin soja ne har yanzu, tuta kawai aka sake. Na duba gindin dutsen, kwalta ce. Na ce shi ke nan, can an shafe shi, nan ma an shafe shi.

Da ruwan farko ya sauka bana, na fito rumfa bayan la'asar. Siminti ya jiƙe sharkaf, ban da inda tudun yake. Wurin a bushe yake, tsawon mutum. Sai dai yanzu biyu ne, gefe da gefe, kamar wa da ƙani.

Na kira yaran gidan, na jera su, na ce a nan ba a takawa.