Dokin Mazarƙwaila da Babur ɗin Gwaji

Na manta abubuwa da yawa na aikin allurar shanu, amma ban da ranar da aka ɗaura wa doki babur ɗin gwamnati a fadamar Taba. Ku da kuka shigo aiki daga baya kuna jin labarin kuna dariya. To, ga yadda aka yi, kuma ba abin dariya ba ne zalla.

Shekaru kaɗan ne bayan samun mulkin kai. Ina malamin dabbobi a Ikara, rangadina ya haɗa har Makarfi da Kudan. A lokacin muna fama da bushiya, cutar da in ta shiga garke sai ta bar makiyayi daga shi sai sandarsa. Maganin a cikin ƙanƙara muke ɗaukarsa, in ta narke ya tashi aiki. Don haka in ka sa wa makiyaya rana, dole ka isa a ranar, kuma da wuri.

Ina da wani ƙaramin tsohon babur mai yawan tari, amma kowane mai gyaran keke ya san ciwonsa. Sai aka kawo sabo na gwaji, ƙato, baƙi wuluk, wai in ya yi a saya wa duk malaman rangadi irinsa. Shugabanmu Malam Haruna ya miƙo mini makulli ya ce, "Malam Sani, kai ka fi kowa shiga daji. Je ka da shi rugar Ardo Jaɓɓo, ka dawo ka gaya mana gaskiya."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Ni kam na so babur ɗin nan. Daga Ikara har Makarfi ko ciwon baya ban ji ba, ina tafe ina jin kaina kamar wani Di'o. Ina sauka daga babbar hanya, na shiga yashin fadama cikin gonakin rake, sai na ji ƙas! Sarƙa ta tsinke.

Aka kira mini mai gyaran keke na ƙauyen da ke kusa. Ya zazzage jakarsa, ya gwada sifana ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta kama. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Malam, wannan ba tsarana ba ne. Sai Zariya."

Ƙa'idar aiki kuwa ita ce ba a barin kayan gwamnati a daji, sai ka danƙa shi hannun mai unguwa. Gidan mai unguwa da 'yar tafiya, babur kuma ya nutse a yashi, na tura har jijiyar wuyana ta tashi bai motsa ba.

Kusa da mu akwai wani dattijo, Baba Ɗanlami, mai yin mazarƙwaila. Injinsa doki ke juya shi: a ɗaura masa dogon itace ya yi ta kewayawa, inji na matse rake. Ya ce, "Haba ɗana, ga doki kana wahalar da kanka? Wanda ke juya ƙarfe tun safe, wannan ɗan abin ne zai gagare shi?"

Aka kwance dokin, aka ɗaura igiya daga ƙirjinsa zuwa gaban babur, na hau na riƙe kan babur ɗin. Da ja ɗaya ya fizge mu daga yashi, mutane suka ɗau kabbara. Bai yi nisa ba sai ya karkata hagu, ya ci gaba da karkata, sai ga mu a inda muka tashi. Aka kama linzami aka miƙe da shi, yana jin nauyi ya sake lanƙwasawa. A zagayen ƙarshe ya kifar da ni cikin kwalbatin ban ruwa, ina rungume da gorar magani.

Baba Ɗanlami ya riƙe haɓa. "Af, laifina ne, ɗana. Tun tasowarsa in ya ji nauyi a ƙirji, kewaye kaɗai ya sani."

Majiya ƙarfi ne suka ajiye aikinsu suka tura babur ɗin har ƙofar mai unguwa. Baba ya ara mini kekensa. Na isa ruga bayan la'asar, ƙanƙara saura kaɗan.

Ardo Jaɓɓo ya tare ni da fara'a, ya tsare mini yawancin garkunan. Amma ƙanensa Bello ya kora nasa tun azahar ya yi kudu, don shanun sun wuni a tsaye ba su sha ruwa ba. Muka yi wa na nan allura, na Bello kuwa sun wuce.

Da na koma, Malam Haruna ya ce, "Yaya babur?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a kan hanya babu kamarsa. Amma a tambayi masu shi, in ya tsaya a daji wa zai gyara, kuma me zai ja shi?" Ba a saya ba.

Da damina ta kewayo na haɗu da Bello a kasuwar Hunkuyi, ya rame. Bushiya ta cinye garkensa a kudu, yanzu shanun wani yake kiwo. Shi ya fara gaishe ni, ya kama hannuna ya ce, "Malam, an ce ka faɗi ranar nan. Ba ka dai ji ciwo ba ko?"

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Don haka in an kawo muku sabon abin hawa, kada ku tsaya kan gudunsa, ku fara tambayar ranar da zai tsaya. Mutanen da ke jiranku a ruga ba za su kai ƙararku ko'ina ba.