Kular da Aka Hana Sawa a But

Muhsina, ɗiyar Malam Rabe, jikar Ummaru na Dabawa, in ji direban motar haya cikin ƙosawa, da fasinjoji suka tambayi ko wace ce. Siririya ce mai hijabi ruwan toka, ta ƙanƙame kula bisa cinyarta. Jinin masu sankarar jini ne a ciki, za ta kai ɗakin bincike. Tun daga Dutsin-Ma ta takure kowa, ga shi ko Kurfi ba a kai ba. Da gani, a gidansu ma haƙuri ake da ita.

Hajiya Rekiya, wadda ƙafarta ta sage, ta ce, "Ke ɗiyar nan, jariri ne da ba za a sa shi a but ba?"

"Hajiya, jinin marasa lafiya ne, ɗayansu da safe aka yi jana'izarsa. Abin da ya rage nasa mai rai ke nan, kuma zafi zai kashe shi."