Sakainar Luba

Kakata Inna Iyatu, Allah ya jiƙanta, ba ta san wasa ba in aka zo maganar karatu. A wani ƙauye gefen Kiyawa take zaune. Nasara ba su daɗe da cin ƙasar ba mijinta Malam Idirisu ya rasu, ya bar mata 'ya'ya uku da alluna biyu. Ita 'yar malamai ce, ta ce babu inda 'ya'yanta za su je, a tsakar gida za ta koya musu. Barau da Kubura, mahaifiyata, su ne ɗaliban. Saura auta, Luba, 'yar shekara uku.

Kai, Luba! Ta ɓarar da tawada, ta karya alƙalami, ta haye bayan Barau yana tsakiyar aya. Aka ba ta wake ta tsince, ta juye wa akuya. Daga ƙarshe Inna ta samo sakaina, ta fiƙe mata kara, ta ce, "Ga allonki. Amma ki sani, ba a wanke allo sai malam ya biya wa mai shi." Shi ke nan yarinya ta natsu. Sai ta cika sakainar da zane kamar sawun kaza, ta miƙo.

"Inna, biya mini nawa."

"Bari in sallami yayyenki."

Kullum haka. Kafin a sallame su kuwa ga surfe, ga tuwo, rana ta faɗi.

Ana nan sai Goggo Indo, ƙanwar marigayin, ta zo daga Aujara ta ga wahalar. Ta ce, "Iyatu, ba ni Luba riƙo zuwa kaka, manyan su samu su yi nisa." Wa ke hana goggo 'yar ɗan'uwanta? Ga kunya, uwa ba ta nuna son ɗa a gaban dangin miji. Inna ta ce to, ko kai ba ta ɗago ba. Luba na goye a bayan Goggo tana miƙo sakainar, Inna ta karɓa ta ce sai ta dawo za a biya.

Kakar ba ta yi ba. Ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone a tsaye, yunwa ta watsa mutane. Da Inna ta taka har Aujara, kango ta tarar. Wasu suka ce su Goggo sun yi kudu, wasu suka ce gabas. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Barau ya sauke, mahaifiyata ta sauke. Mutane suna ta yabon Inna, wai ta cika mace. Ni yabon nan haushi yake ba ni, wallahi, don ban taɓa ganin dariyarta ba.

Ina ƙarama na taɓa ciro sakainar daga ƙasan tukunyar kayanta. Na ga ta yi datti, na nufi randa zan ɗauraye. Tsohuwar da ko tashi ba ta iyawa ta damƙe mini hannu har sai da na yi ƙara.

"Ke, ajiye," ta ce. "Ban biya mata ba tukuna."